Randunan da Na Yi wa Fenti

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Maris ba, ko da kuwa tsufa zai mantar da ni hanyar gidanmu. Ita ce ranar da na tsaya gaban iyayen yara cikin kwat, ina gumi kamar wanda ya haɗiyi kunama, randuna goma sha ɗaya kuma suka haɗa kai suka ƙi yin abin da randar kowace tsohuwa take yi ba tare da an roƙe ta ba. Har yau in abin ya faɗo mini a cikin mota sai in ji na ja tsaki ni kaɗai, na kusa da ni ya waiwayo yana tambayar ko lafiya.

Bari in ɗauko muku daga tushe. A lokacin ina koyarwa a wata 'yar cibiya da ke kan hanyar Bwari, inda ake tara yara masu baiwa duk ranar Asabar, 'yan shekara bakwai zuwa tara, ana koya musu lissafi da kimiyya da wani abu da muke kira ƙirƙira. Ni sabon shiga ne, da digirina na fiziks da ko tawadarsa ba ta gama bushewa ba. Daga Mararaba nake tasowa tun da asuba, in hau mota biyu, in iso ina tafiya kamar ni na gano wutar lantarki. (Gaskiya ce mai ɗaci, amma a lokacin in yaro ya yi mini tambayar da ban san amsarta ba, sai in ce masa tambayar ba ta cikin darasin yau.)

Yara goma sha biyu ne a ajina. Yawancinsu 'ya'yan manyan ma'aikata ne, direba ke sauke su, suna kira na Ankul. Huɗu kuwa daga firamaren gwamnati aka zaƙulo su a ƙauyukan da ke kewaye, cibiyar ta ɗauke su kyauta. Tsarin wurin shi ne, a ƙarshen zango malami zai rubuta rahoto a kan kowane yaro. Wanda ya ce ya wuce, ya wuce aji na gaba. Wanda bai ba da shawara a kansa ba, sai a ba wani gurbinsa, don masu jira suna da yawa. Ɗan babban ma'aikaci in ya rasa gurbi, akwai malamin gida da kwamfuta suna jiran sa. Ga sauran huɗun kuwa, wannan Asabar ɗin ita ce kaɗai ranar da suke taɓa ma'aunin zafi ko madubin ƙara girma da hannunsu.

Cikin huɗun nan akwai Talatu, 'yar shekara takwas, Bagwariya daga wani ƙauye bayan Bwari. Wurin kakarta take zaune, kakar kuma maginiyar tukwane ce. Talatu ba ta da yawan magana, in ma za ta yi sai ka matso da kunne. Ita ba ta ce mini Ankul, Malam take ce mini. Tun makon farko ni da ita muka saka ƙafar wando ɗaya, ko da yake in za a faɗi gaskiya ni kaɗai nake faɗan, ita ba ta ma san ana yi ba. Na rubuta goma sha tara sau shida a allo, kafin in ajiye alli ta ce ɗari da goma sha huɗu. Na ce ta nuna hanya. Ta ce, "Ashirin sau shida ne, sai na cire shida ɗaya." Ni kuwa layi-layi nake so, a ajiye huɗu a ɗauki biyar a kai sama, yadda aka koya mini da bulala. Na ce mata amsa ba hanya banza ce. Ta dube ni kawai ta zauna.

Aikin da muka ɗauka a zangon shi ne na randa. Ni na kawo shawarar, kuma har yau ina ganin shawara ce mai kyau: yaro ya gane dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi alhali ba a jona ta da wuta ba. Shugabar cibiyar, wadda muke kira Hajiya, ta aika aka sayo 'yan ƙananan randuna goma sha biyu daga wurin kakar Talatu, kowane yaro da tasa. Mako uku muna auna zafin ruwan duk bayan awa ɗaya, na randa daban, na bokitin roba daban, yara suna rubutawa suna zana layin da ke gangarowa a takarda mai gida-gida. Ni da hannuna na zana randa a allo, na yi mata ɗigo-ɗigo, na bayyana cewa jikin yumɓu yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi ta tafi da zafin. Ku riƙe wannan da kyau. Ni na faɗa, da bakina, har na sa suka maimaita sau uku.

Matsalar ta fara ne da Hajiya ta sanar cewa Asabar ta ƙarshe ranar iyaye ce, kowane aji zai nuna aikinsa. Na leƙa ajin da ke kusa da namu, na ga suna haɗa wata 'yar mota mai tafiya da batir, fitila tana walƙiya. Na dawo na dubi randunanmu, jajaye, masu baƙin hayaƙi a gefe, suna jiƙa tebur. Sai na ji zuciyata ta karye. Na ce a raina, mutanen da ke fitowa daga ofis mai sanyi, su zan jera wa kayan ɗakin kakata? A hanyar komawa gida ina kallon tukwanen fulawa da ake jerawa a bakin titi, shuɗaye da farare da masu ruwan zinare, sai dabara ta faɗo mini. Na ji daɗin dabarar nan har na biya wa wanda ke kusa da ni kuɗin mota.

Asabar ɗin da ta rage saura mako guda, na iso da gwangwanayen fentin mai, irin wanda ake shafa wa ƙofar ƙarfe, da buroshi dozin guda. Na ce, "Yau ranar ƙirƙira ce. Kowa ya yi wa randarsa kwalliya, daga baki har gindi, kada in ga jan yumɓu ko kaɗan." Yara suka hau murna. Faruk, wani ɗan injiniya mai kai kamar na'ura da baki kamar rediyo, ya zana duniyoyi suna zagaya rana. Wata ta yi tutar ƙasa. Ni kuma ina zagayawa hannu a baya, ina cewa a ƙara shafi na biyu don ya yi sheƙi.

Talatu kaɗai ta rungume randarta a cinya, buroshinta yana kan tebur a bushe.

"Talatu, me kike jira?"

"Malam, in an shafa, ba zai yi gumi ba."

"Wa ne ba zai yi gumi ba?"

"Tukunyan."

Na ce, "Talatu, randa ba mutum ba ce da za ta yi gumi." Aji ya kwashe da dariya, ni kuma na ji daɗin dariyar (Allah ya yafe mini). Na lallaɓa, na tsawata, na ce a ajin nan ba ma son mai tsoron sabon abu. Ta sunkuyar da kai ta ƙara ƙanƙame randar. A raina na yanke cewa rowa ce kawai, don kakarta ce ta gina. Ban tsaya ko na daƙiƙa guda na haɗa maganarta da zanen da na yi a allo ba. Ilimin yana nan cikin kaina, amma a wani ɗaki daban, a kulle, ni kuma ina waje ina fenti.

Ranar Juma'a na kai wa Hajiya rahotanni. Na Talatu har yau zan iya karanto shi da ka: "Tana da saurin lissafi amma ba ta bin hanya. Ba ta son sabon abu, ta ƙi shiga aikin ƙirƙira, tana da taurin kai. Ban ba da shawarar ta wuce ba." Na sa hannu da wani dogon zane da na daɗe ina koya. Kwamiti zai zauna ranar Litinin.

Ranar iyaye na sa kwat baƙa ta aro, da igiyar wuyan nan ta 'yan boko, a tsakiyar zafin Maris na Abuja da ko ƙadangare neman inuwa yake. Tun ƙarfe bakwai na cika randuna da ruwa, na shimfiɗa farin ƙyalle a dogon tebur, na jera goma sha ɗaya suna ƙyalli. Ta Talatu kuwa na cika ta don kada a ce na nuna bambanci, sannan na kai ta can baya, bakin taga, bayan ƙofa, inda ido ba zai kai ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ɗaga wata randa na ga ƙyallen ƙarƙashinta a bushe ƙayau. Maimakon gabana ya faɗi, sai na yaba wa kaina: ka ga wani amfanin fenti, yanzu ko tebur ba sa jiƙawa. Ban taɓa ruwan ba, ban auna ba. Wanda ya san amsa tun da wuri me zai auna?

Da azahar ta kusa aka shigo ajinmu. Iyaye sun cika kujeru, manyan riguna da gwaggwaro da turare. Hajiya tana gaba. Kusa da ita mahaifin Faruk, wanda kowa ke ce wa Injiniya, babban mutum ne a wata ma'aikata, mai sanyin murya. Can a kujerar ƙarshe wata tsohuwa ta zauna da zaninta na atamfa da ya koɗe, takalmin roba a ƙafa, Talatu ta jingina da ita. Ban ma je na gaishe ta ba.

Na yi jawabi. Kai, na yi jawabi. Na yi maganar hikimar kakanni, na yi maganar firji marar wuta, na nuna zanen layin da yara suka yi yana gangarowa ƙasa. Na ce mun ɗauki tsohuwar fasaha mun sa mata rigar zamani. Aka tafa. Da na ji tafi sai kaina ya ƙara kumbura, na ƙaro abin da ba ya cikin shiri.

"A al'adarmu," na ce, "baƙo da ruwa ake tarbar sa. Ranka ya daɗe Injiniya, bismillah, ka sha daga randar ɗanka, ka faɗa wa jama'a abin da ka ji."

Na ɗebo a kofi na miƙa masa da hannu biyu. Ya yi bismillah ya kurɓa. Sai na ga kumatunsa sun tsaya. Mutumin kirki ne, bai tofar ba. Ya riƙe ruwan a baki yana duban silin, sannan ya haɗiye da ƙyar kamar mai shan maɗaci, ya ce, "To, alhamdulillahi, ruwa ne."

Kafin in yi magana Faruk ya riga ya tsoma ma'auni, yadda na koya musu.

"Ankul, talatin da biyu."

"Wannan na bokiti ne, Faruk. Na randa za ka auna."

"Na randa ne. Na bokiti ma talatin da biyu."

Na yi 'yar dariya na ce wa iyaye ma'aunin ne ya sami matsala, kun san kayan yanzu. Abin da na manta shi ne kowane yaro yana da nasa ma'aunin a aljihu, kuma mako uku na yi ina hora su cewa ɗan kimiyya ba ya yarda da awo ɗaya. Nan take yara goma suka yi kan randunansu. Idan ba ku taɓa jin yara masu baiwa suna karanto hukuncinku ɗaya bayan ɗaya da murya mai daɗi ba, to ku gode wa Allah.

"Talatin da biyu."

"Talatin da ɗaya da rabi."

"Ankul, tawa talatin da uku, ta fi bokiti ma." (Mai wannan maganar baƙin fenti ta shafa, kuma randarta tana daidai inda rana ke shigowa.)

Wata 'yar ƙarama ta ɗaga hannu cikin ladabi ta tambaya ko su haɗa su raba su fitar da matsakaici. Na so in ɗora laifin a kan masu ɗauke wuta kamar kowane ɗan ƙasa nagari, sai na tuna yanzun nan na gama alfaharin cewa randa ba ruwanta da wuta. Gumi ya tsinke mini tun daga ƙeya har cikin safa. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai wata uwa da ke fifita da takardar shiri.

Cikin shirun nan sai muka ji ƙarar kofi daga baya. Tsohuwar nan ce. Ashe ƙishi ya dame ta tun daga hanya, ta hango randar jikarta a bayan ƙofa, ta tashi abinta ta ɗebo tana sha, ba ruwanta da jawabin kowa. Ta shanye ta yi ajiyar zuciya, ta dube mu ta ga duk ita ake kallo.

"Ruwa mai sanyi yana nan," in ji ta. "Me ya sa kun ɓoye shi a baya? Ku ba oga ya wanke baki."

Talatu ta ɗauko randar a kafaɗa, yadda matan garinsu ke ɗaukar kaya, ta kawo ta dire a kan farin ƙyallena, tsakiyar masu sheƙi. Jikinta damshi, baƙin hayaƙinta yana nan. Faruk ya tsoma ma'auni ya ce ashirin da huɗu. Injiniya ya sha kofi guda ya miƙo a ƙara masa.

A nan ne Injiniya, saboda kirkinsa, ya buɗe mini ƙofar gudu. Ya juya ga iyaye yana murmushi ya ce, "Ai na gane. Malam da gangan ya yi. Gwajin kwatance ne: an toshe goma sha ɗaya, an bar ɗaya, don yara su ga bambanci da idonsu. Wannan shi ne koyarwa." Iyaye suka hau gyaɗa kai, wasu har sun fara tafi.

Zan so in ce muku nan take na ƙi. Ban ƙi ba. Na gyaɗa kai. Har na buɗe baki na ce, "To, ka san, ranka ya daɗe, a kimiyya…" Na ji sanyi yana sauko mini kamar an ɗauke dutse daga ƙirjina. Sai idona ya faɗa kan Talatu, tana tsaye tana goge jiƙaƙƙen hannunta a siket, ba ta san cewa a ofishin Hajiya akwai takarda da sa hannuna da ke cewa kada ta dawo ba. In na karɓi tafin nan, takardar ta zama gaskiya ke nan: ni mai dabara, ita mai taurin kai. Ina cikin wannan kokawa da zuciyata, ban kai ga yanke wa zan bi ba, Faruk ya hutar da ni.

"A'a Dadi, ba da gangan ba ne. Talatu ta ce ba za ta yi gumi ba, Ankul ya ce randa ba mutum ba ce, ya yi mata faɗa."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko minti ɗaya bai kai ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige da kwat ɗin aron gaba ɗaya. Tunda ba sauran abin karewa, sai gaskiya ta zo da sauƙi. Na ce, "Yaron nan gaskiya ya faɗa. Kuskurena ne. Ni na koyar da cewa ruwa ta jikin yumɓu yake fita, ni kuma na toshe jikin da fenti. Yarinyar nan ta gargaɗe ni, na sa aka yi mata dariya." Sannan na juya na ce, "Talatu, ki yi haƙuri. Zo ki yi musu bayanin, kin fi ni ganewa."

Na zaci za ta ƙi, ita da ba a jin muryarta. Ba ta yi jawabi ba. Ta ɗauki kofi ta bi layi tana ɗiga wa kowa ruwan bokiti, mai ɗumin nan, a bayan hannu, ta ce, "Ku hura." Sai ga manyan ma'aikatan tarayya da hajiyoyi masu zoben gwal sun tattara leɓe suna hura bayan hannunsu.

"Ya yi sanyi?"

Suka ce ya yi.

"Haka tukunya yake yi. Yana gumi, iska yana hura shi. In an shafa fenti, kamar an sa masa leda ne."

Abin da na kwashe mako uku ina zane a allo a kansa, ta gama shi kafin ruwan hannunsu ya bushe. Tafin da aka yi mata ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma abin mamaki ban ji haushi ba.

Da aka fara watsewa na je na durƙusa gaban tsohuwar na gaishe ta, gaisuwar da ya kamata in yi tun safe. Na ce, "Mama, na ɓata miki randuna." Ta dube ni sama da ƙasa, rigata ta ciki ta manne da jiki, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yarona, ba komai. Ni tukunyana na farko duka ya fashe a wuta, uwata ta yi mini dariya sati ɗaya. Waɗannan ka huda gindi ka shuka barkono." Ta kama hannun kwat ɗin ta girgiza. "Amma cire wannan. Kana gumi, iska ba ya samun ka. Kai ma sun shafa maka fenti."

Na cire a wurin, gaban kowa, da igiyar wuyan duka. Wallahi iskar da ta buge ni a lokacin ban taɓa jin mai daɗinta ba.

Saura babban aikin. Na bi Hajiya ofis ina addu'ar Allah ya sa ba ta buɗe rahotannin ba tukuna, in ce na ga kuskuren rubutu zan gyara. Na tarar da na Talatu a saman tebur, a buɗe, ta ɗora tabarau a kai.

"Hajiya, rahoton nan…"

"Na karanta tun jiya, Malam." Ta tura mini kujera da ƙafa. "Ka ba ni goma sha biyu. Goma sha ɗaya a kan yara ka rubuta. Wannan kuwa, ba ya son sabon abu, taurin kai, ina ta tunanin wa kake nufi."

Na sunkuyar da kai. Na ce ina roƙon a ba ni in sake, kuma in wani zai rasa gurbi a kan abin da ya faru, ba yarinyar ba ce ta cancanta.

"Ba wanda zai rasa," in ji ta. "Da ka karɓi rigar rufin asirin da Injiniya ya miƙo maka ka tafi da ita, da yanzu wata maganar muke yi." (Ban ga dalilin tuna mata cewa na riga na sa hannu ɗaya a rigar kafin Faruk ya fizge ba. Ai tana wurin.) Ta miƙo mini takardar. "Kwamiti sai Litinin, kana da gobe. Wannan kuma kada ka yaga, ka ajiye inda za ka riƙa gani."

Lahadin nan na zauna a ɗakina a Mararaba na rubuta rahoto mafi tsawo a rayuwata. Na rubuta goma sha tara sau shida. Na rubuta yarinyar da aji guda ya yi wa dariya, malaminta yana jagora, ta ƙi sakin abin da ta san gaskiya ne. Sai da nake rubutawa na gane girman abin da na kusa yi. Da a ce ban kira Injiniya ya sha ba, da kowa ya kalli fenti ya tafa ya tafi, da ranar Litinin an soke sunan Talatu, ni kuma ina can ina jin kaina gwani. Kunyar da na sha ita ta cece ta daga alƙalamina. Shi ya sa duk zafinta ba na fatan a ce ba ta faru ba, kullum godiya nake yi: ga Allah da ya tona ni da wuri, ga Faruk da bakinsa marar birki, ga Hajiya da ta bar ni na gyara ɓarnata da hannuna, ga tsohuwar da ta yi mini dariya ba tare da ta wulaƙanta ni ba.

Talatu ta wuce. Zangon da ya biyo baya kakarta ta zo sau biyu ta koya wa yara ginin tukunya, ni ma na zauna a layi na naɗe hannun riga, na gina wani abu da har yau ba a tantance ko kasko ne ko murfi ba. Barkonon kuwa ya yi kyau, yana nan a ƙofar ɗakina cikin randa mai duniyoyi suna zagaya rana. Tsohon rahoton yana cikin littafin da nake shirya darasi, shafin farko.

Asabar ta farko a sabon ajin, na tarar da Talatu tana jira na a bakin ƙofa da wata sabuwar 'yar randa a kafaɗa. Ta sauke ta miƙo mini.

"Kaka ta ce a ba ka."

Na karɓa ina ta godiya, ina neman kalmomi masu nauyi. Ta juya za ta shiga aji, sai ta tsaya.

"Ta ce wai kar ka shafa masa komai."

Ban shafa ba. Daga ita nake shan ruwa har yau. Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa na ƙara da nawa: babban sani ma in an kulle shi a ka, ƙuƙumin ne, sai dai shi da kwat yake zuwa. Yanzu in yaro ya yi magana ƙasa-ƙasa a ajina, ajiye abin da ke hannuna nake yi in matso da kunne. Kuma duk ranar da zan tara manyan mutane in ba su ruwa, ni nake fara kurɓa.